Ƙwayar Tiramol A Gonakinmu: Abin Da Ƙungiyar Manoma Za Ta Iya Yi

Kun saba ji daga gare ni a kan taki, da iri, da yadda za a tsare hatsi daga ƙwari a rumbu. Wannan karo zan yi magana a kan wata ɓarna dabam, wadda ba amfanin gona take ci ba, manomin kansa take ci.

A daminar bara, a wani ƙauye da nake zuwa rangadi, wani ɗan ƙungiya ya ɗauki samari biyar su yi masa huɗa a kan jinga. Aikin da ya kamata ya ci kwana biyu, kafin azahar sun gama shi. Mai gona ya yi murna, ya biya su, ya koma gida. Ɗaya daga cikin samarin ya kwanta a gindin ɗorawa yana ta minshari. Abokansa suka ce a ƙyale shi, gajiya ce. Da la'asar suka zo tashinsa, suka tarar rai ya yi halinsa. A aljihunsa aka sami katin ƙwaya mai lamba 225. Yaron nan yana cikin mawaƙan ekklesiyarsu. Ranar jana'iza aka ce zazzaɓi ne, kowa ya yi shiru. Daga baya mai gonar ya ce mini, "Malam, na san suna shan wani abu, amma saurin aikin ne ya rufe mini ido."

Da a cikin mutanen nan akwai mutum ɗaya da ya san cewa irin wannan minshari ba barci ba ne, mai yiwuwa ne da yaron yana nan da rai. Domin wannan na rubuta wannan bayani. Ina roƙon kowane shugaban ƙungiya ya sa a karanta shi a taro, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

Waɗanne ƙwayoyi ne ake magana?

Akwai wani dangin magunguna masu ƙarfi da likitoci ke ba mai ciwo mai tsanani, kamar wanda aka yi wa fiɗa, ko wanda ya karye, ko mai sankara. Ana kiransu dangin ofiyom, gama asalinsu daga ƙaron wata shuka ne mai wannan suna. Kodin da mofin daga shukar ake samunsu. Tiramadol kuwa, wanda mu ke kira tiramol, a masana'anta ake haɗa shi. A ƙasar Jamus aka fara sayar da shi a shekarar 1977. Allurar fenta da ake yi wa masu ciwon sikila ita ma cikin wannan dangi take.

A hannun likita waɗannan magunguna albarka ne. Kada mu ga mai sikila ko mai sankara yana shan abin da likita ya rubuta masa mu ɗauke shi mashayi. Damuwarmu ita ce shan su ba tare da ciwo ba, ba tare da likita ba, kuma fiye da ƙima. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta yarda da tiramol mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 ga babban mutum a yini guda. Amma wanda ake sayarwa a kasuwannin ƙauye da tashoshin mota yakan zama mai 200, ko 225, ko 250. Wato wanda ya haɗiye biyu da safe ya riga ya kai ko ya wuce abin da likita zai ba majiyyaci daga safe har wata safiya.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba domin jinya ba a cikin shekara guda. Wajen miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari domin maye. Cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya, ɗaya mace ce.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙari. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar nan kuma ƙasar Indiya, inda yawancin tiramol ke fitowa, ta tsananta dokar fitar da shi. Amma 'yan fasa-ƙwauri suka sake dabara. A watan Fabrairu na 2025 wani binciken BBC ya nuna ana shigo da wata sabuwar ƙwaya ƙasashen Afirka ta Yamma, da sunaye irin su Tafrodol, wadda ta haɗa magunguna biyu, ɗaya ya fi tiramol ƙarfi, ɗayan kuma mai sake jijiyoyi. Indiya ta hana yin ta bayan wannan bincike. Darasin da ke ciki shi ne, mai sayen kati a kasuwa bai san abin da ke cikinsa ba, kuma dokar gwamnati ita kaɗai ba za ta tsare mana ƙauye ba.

Don me ma'aikacin gona ke sha?

Yawancin samarinmu ba domin iskanci suka fara ba. Sun fara ne domin aiki. Lokacin huɗa da noman fari kowa yana neman hannu a mako guda. Ana biyan jinga bisa yawan kunyoyin da mutum ya tayar. Yaro yana son ya gama gona biyu a yini, ya sami kuɗin taki na tasa gonar ko kuɗin aure. Sai abokinsa ya miƙa masa ƙwaya ya ce, "Sha wannan, ba za ka ji rana ba." Haka yake ga masu haƙar ma'adinai, da 'yan acaɓa, da masu dakon kaya. Har an ba da labarin manoma a arewacin Kamaru da ke ba shanun huɗa domin su daɗe suna jan garma.

Gaskiyar magana ita ce ƙwaya ba ta ƙara wa kowa ƙarfi. Ƙarfi daga abinci da hutu yake zuwa. Abin da ƙwaya ke yi shi ne ta toshe kunnen mutum kada ya ji kukan jikinsa. Gajiya da ciwo masu gargaɗi ne da Allah ya sa a jiki. Wanda ya rufe musu baki kamar manomi ne da ke cin bashi mai ruwa a kan hatsin da bai nuna ba. Yau yana da kuɗi a hannu, amma da kaka rumbunsa na wani ne.

Bayan 'yan makonni jiki yakan saba. Ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Ranar da bai samu ba sai ciwon gaɓoɓi, da gumi, da hamma, da majina, da zawo, da rashin barci. Da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Da ya sha sai ya ji garau. Daga nan ba domin aiki yake sha ba, yana sha ne domin kada ya yi ciwo, kuma kuɗin jingar duka a wurin mai ƙwaya yake ƙarewa. Wannan hali cuta ce da ta kama ƙwaƙwalwa. Faɗa da duka ba sa warkar da ita.

Yadda ƙwaya ke kashe mutum

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani wuri da ke sa mu numfashi ko muna barci. Magungunan dangin ofiyom suna sa wannan wuri ya yi sanyi. Idan sun yi yawa, numfashi yakan ragu a hankali har ya tsaya. Ba farat ɗaya yake faruwa ba, yakan ɗauki mintoci ko sa'o'i, saboda haka akwai lokacin ceto idan na kusa sun gane. Tiramol yana da wani hatsari na biyu, wato yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba.

Hatsarin ya fi girma ga mutum huɗu. Na fari, wanda ya haɗa ƙwaya da burkutu, ko ogogoro, ko ƙwayoyin barci irin su baliyam da roci, gama dukansu suna danne numfashi. Na biyu, wanda ya sha shi kaɗai a ɗaki ko a bukkar gona, ba mai ganinsa. Na uku, mai asma ko ciwon hanta ko ƙoda. Na huɗu, wanda mutane ba su zato, shi ne wanda ya daina na 'yan makonni, ko ya fito daga kurkuku ko asibiti, sa'an nan ya koma ya sha yawan da ya saba sha dā. Jikinsa ya riga ya manta da sabon, abin da yake ɗauka a dā yanzu zai iya kashe shi.

Alamun da za a duba

Alamu manya uku ne. Mutum ba ya farkawa ko an kira sunansa da ƙarfi, an girgiza shi, an murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. Numfashinsa ya yi ƙasa, bai kai sau 10 a minti ɗaya ba, ko yana minshari mai ƙara kamar ana shaƙe shi. Idan an buɗe idonsa, ɗigon nan baƙi da ke tsakiyar ido ya ƙanƙance kamar kan allura. Ban da waɗannan, a duba cikin leɓe da dasashi da farce. Idan sun yi toka-toka, iska ba ta isa jininsa. A lura, ga mai tiramol ɗigon ido ba kullum yake ƙanƙancewa ba, saboda haka rashin farkawa da raunin numfashi sun isa a tashi tsaye.

Abin da za a yi nan take

1. A aiki mutum ɗaya ya nemo mota ko ma'aikacin lafiya. Wani ya tsaya tare da shi, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya.

2. A kwantar da shi rigingine, a duba bakinsa a cire abin da ke ciki, a tura goshinsa baya kaɗan, a ɗaga haɓarsa domin hanyar iska ta buɗe.

3. Idan ba ya numfashi ko numfashin ya yi rauni ƙwarai, a toshe hancinsa da yatsu, a hura masa iska baki da baki har ƙirjinsa ya ɗaga, sau ɗaya kowane daƙiƙa biyar. A ci gaba har ya soma da kansa ko taimako ya iso. Idan babu alamar rai sam, wanda ya koyi danna ƙirji ya soma.

4. Idan yana numfashi amma bai farka ba, a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, a lanƙwasa gwiwar sama, fuska ta ɗan kalli ƙasa, domin in ya yi amai kada ya shaƙe shi. A haka za a ɗauke shi a mota.

5. Idan jijjiga ta kama shi, a kawar da fartanya da duwatsu da wuta daga kusa da shi, a sa tsumma ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. Yawunsa ba ya sa wa kowa cuta. Da ta lafa, a juya shi gefe.

6. A tafi da katin ƙwayar asibiti, a faɗa wa likita gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ga kuma abin da ba za a yi ba. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko ruwan gishiri, ko tsimi, gama wanda ba ya cikin hayyacinsa huhunsa abin zai tafi. Kada a sa shi amai. Kada a kwara masa ruwa ko a mare shi. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake.

Akwai magani mai karya ƙarfin waɗannan ƙwayoyi, sunansa nalokson. Allura ce, akwai kuma irin wanda ake fesawa a hanci. Yakan dawo da numfashi cikin minti biyu zuwa uku. Tun shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a sa shi a hannun mutanen da za su iya tarar da irin wannan hatsari, a kuma koya musu amfani da shi. Amma ƙarfinsa yakan ƙare bayan minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana nan a jiki, kuma ba ya hana jijjigar tiramol. Saboda haka ko mutum ya farka ya ce lafiyarsa ƙalau, lalle ne a kai shi asibiti.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙauyukanmu, ta ƙofar gona ƙwaya ta fi shigowa, kuma mu ne masu gonakin, mu ne masu ɗaukar 'yan ƙwadago, mu ne masu biya. Ashe kuwa babban rabo na maganin yana hannunmu. Ga shawarwari bakwai.

Na ɗaya, a gyara yadda ake ba da aiki. Ƙungiya ta zauna kafin ruwa ya sauka ta yanke ladan yini mai adalci, da iyakar aikin da mutum mai lafiya zai iya yi ba tare da ƙwaya ba. A ba ma'aikata abinci, da ruwa, da hutun tsakar rana a inuwa. A rubuta a dokar ƙungiya cewa ba a shan ƙwaya a gonar ɗan ƙungiya, kuma duk wanda ya saya wa ma'aikata, ko ya zuba a kunun gayya, za a hana shi rancen taki na shekara. Mai gonar da ya ga aikin kwana biyu ya ƙare kafin azahar, ya tambayi kansa da me aka yi shi.

Na biyu, a rage matsin lokacin huɗa. A tsara kwanakin gayya bi da bi. Ƙungiyar da ke da hali ta sayi shanun huɗa da garma na haɗin gwiwa, a fara da gonakin gwauraye da tsofaffi.

Na uku, a koya wa mutane ceto. Kowace ƙungiya ta zaɓi aƙalla mutum biyu, namiji da mace, ta roƙi ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa ya koya musu hura iska da juya mutum gefe. Su kuma su koya wa samari, gama abokan mai sha su ne ke kusa da shi lokacin da abin zai faru. Shugabanni su tambayi asibitin ko suna ajiye nalokson. In babu, a kai kuka ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko na ekklesiya, a rubuce.

Na huɗu, a kafa asusun gaggawa. Da kaka kowane ɗan ƙungiya ya ba da mudu ɗaya ko biyu na hatsi, a sayar a ajiye domin kuɗin mai. A yi magana da mai mota tun da wuri, kowa ya san gidansa. Wannan asusu zai taimaki mai naƙuda da wanda maciji ya sara ma.

Na biyar, a tunkari masu sayarwa ta hanyar da ta dace. Kowa ya san kemis ɗin da ke bayarwa ba tare da takardar likita ba, da mai tallar magani a kwali ranar kasuwa. Dattawan ekklesiya su haɗa kai da mai unguwa, da dagaci, da liman, gama ƙwaya ba ta tambayar addinin yaro. A kira masu sayarwa a gargaɗe su a gaban shaidu. Wanda ya ƙi ji, a kai rahotonsa ga hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989 domin wannan aiki. Kada samari su ɗauki doka a hannunsu da duka ko ƙona shago.

Na shida, a tsare gida. Maganin da likita ya ba majiyyaci a kulle shi, kada a ba wani saura. Ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba tiramol ko kodin, mai shayarwa ma ta guje su. Zumuntar mata ta ɗauki wannan magana a taronta, gama 'yan mata da matan aure da yawa suna shan maganin tari a ɓoye, a zuba cikin kwalbar lemo, wasu domin baƙin cikin da ba su da wanda za su faɗa wa.

Na bakwai, a buɗe hanya ga mai son ya daina. Wannan ya fi sauran wuya. Abin da muka saba shi ne mu sa shi a horo, mu cire shi daga mawaƙa, mu daina gaishe shi. Sai ya koma wurin waɗanda ke karɓarsa, ya riƙa sha a ɓoye, inda ba mai ceto. Wasu iyaye kuma sukan kai ɗansu inda za a ɗaure shi da mari. A shekarar 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida irin wannan a Kaduna, kuma an sami masu ɗaure mutane a gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi duka. Mari ba magani ba ne. Wanda ya daɗe yana sha yana bukatar likita ya rage masa a hankali, ya ba shi abin da zai sauƙaƙa ciwon dainawa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa da ke wannan aiki, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri, da asibitin koyarwa na Jos. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a yi su tare.

Idan ya dawo, ƙungiya ta ba shi abin yi. A yanka masa fili a fadama domin noman rani, a ba shi rancen iri da taki, ba tsabar kuɗi ba. A haɗa shi da dattijo ɗaya mai riƙon asiri da zai riƙa leƙa shi. A faɗa masa a fili cewa in ya koma sha, yawan da ya saba dā zai iya kashe shi. In kuwa ya sake faɗuwa, kada a ce an gama da shi. Da yawa sai sun faɗi sau biyu ko uku kafin su tsaya. Mu manoma mun san cewa idan shukar fari ta ƙone, ba a barin gona, sake shuka ake yi.

'Yan'uwa, mun san labarin Basamariyen nan da ya tarar da mutum kwance a bakin hanya. Bai tsaya binciken laifin wane ne ba. Ya ɗauke shi, ya kai shi inda za a yi jinyarsa, ya biya daga aljihunsa. Yaron da ke kwance a gindin ɗorawa maƙwabcinmu ne, sau da yawa ma a gonarmu ya faɗi.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. A ina ake sayar da waɗannan ƙwayoyi a yankinmu, kuma wa ya kamata ya fara yi wa masu sayarwa magana?

2. Yadda muke biyan 'yan ƙwadago yana tura su ga ƙwaya? Me za mu sake kafin damina mai zuwa?

3. Idan mutum ya faɗi a gonar ɗayanmu gobe, wa za a kira, da motar wa za a ɗauke shi, zuwa wane asibiti?

4. Idan ɗan wani a cikinmu ya zo ya ce yana son ya daina, me ekklesiyarmu za ta yi masa a makon farko?

Ku rubuta abin da kuka yanke a littafin ƙungiya, ku nuna mini in na zo rangadi, domin mu sanar da sauran ƙungiyoyi su ma su ƙaru. Ubangiji ya tsare mana 'ya'yanmu, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.